Ciyawar Baƙi

Duk faɗin makiyayar Gidan Takawa, daga bakin ƙorama har gindin dutse, wuri ɗaya ne saniya za ta sa baki ta san tana duniya, kuma wurin nan ne aka hana saniya shiga. Fili ne da bai fi masussuka biyu ba, da dutse mai farin fenti a kowace kusurwa, an kewaye shi da shingen ƙaya wanda ko ɓera sai ya yi shawara kafin ya ratsa. A ciki kyasuwa ta kai ƙugu, ga gamba, ga burburwa, ga gadagi yana bin ƙasa. A waje kuwa garmani ne iyakar ganinka, kore shar, gwanin kyau a ido, amma ko akuya da ba ta raina abinci sai ta shinshina ta wuce. Mutanen gari suna kiran wurin ciyawar baƙi, mai tsaronsa kuma wani dattijo ne, Gajere.

Shekara takwas ke nan da wata farar mota ta wani porje, wato shirin hukuma na taimakon makiyaya, ta tsaya a makiyayar, ana tsakiyar kaka. Babban waɗanda suka fito shi ne Mushe Alhusaini daga Buza, wato Malam Alhusaini a bakin masu Faransanci, da wata na'ura kamar salula a hannunsa. Ya yi gabas ya yi yamma yana kallonta, can ya tsaya ya ce nan ne. Suka kafa duwatsun, suka jefa wani ƙarfe mai kusurwa huɗu a ƙasa, suka yanke ciyawar da ta faɗa cikinsa, suka ɗora a sikeli, suka rubuta. Suka ce akwai tauraron ɗan'adam a sama da ke duba ciyawar ƙasar nan, su kuma aikinsu su riƙa zuwa kowace kaka suna tabbatar da abin da ya gani. Ba su ce a yi musu komai ba. Suka sha fura suka tafi.

To amma Gidan Takawa ba garin marasa kunya ba ne. Maigari Issa ya tara dattawa ya ce mutane sun ƙona mai tun daga Buza don su yanki ciyawa a ƙasarmu, sun kuma ce za su dawo. In suka dawo suka tarar dabbobi sun lashe wurin, da wane ido za a dube su? Baƙonka annabinka. Abin da baƙo ya nuna yana so, ajiye masa ake yi, ko da 'yan gida za su kwana da yunwa. Dattawa suka amince, don magana ce ta gaskiya, da ita aka haife su. Aka ɗora wa Gajere tsaron, kuma an zaɓa daidai. Kakansa ne mai tsaron kurmin gari a zamanin da ake yanka baƙin bunsuru a gindin dutse kafin shuka. Yanzu kowa ya kama salla an bar wancan, amma gidansu ba su manta yadda ake tsare wurin da ba a shiga ba. Ga shi kuma da ƙuruciyarsa ya yi aikin gyaran ƙasa a Keita, ya iya jera duwatsu da haƙa ramuka masu siffar rabin wata don tare ruwa.

Gajere ya ba aikin haƙƙinsa har da ƙari. Da garmani ya fara cin makiyayar, shekara ta biyu ko ta uku, yana korar ciyawar kirki taki ɗaya taki ɗaya, cikin shingen nan dai bai samu wurin zama ba, don da hannu Gajere yake tuge shi tun yana ganye biyu. Takin shanunsa da ya kamata ya kai gona, nan yake kawo shi. Irin kyasuwa har wajen Babankatami yake zuwa tsinta ya zo ya watsa. In Mushe Alhusaini ya bugo wa maigari waya ya ce gobe suna tafe, da sassafe ake janye ƙayar nan a kai ta bayan dutse a share wurin tas, domin ba a miƙa wa baƙo ƙwarya a rufe, ba a kuma barinsa ya taka ƙaya.

Shi kuwa Mushe Alhusaini ba makaho ba ne. Yana ganin ɗan tsibirin ciyawa a tsakiyar garmani kamar yadda kowa yake gani. Amma wurare goma sha biyar ne a wuyansa, motar kuma ta aro ce daga babban biro, wato ofishinsu, ga shi awo aka aiko shi, ba a aiko shi tambaya ba. Ya yanka, ya ɗora, sikeli ya yi ƙasa, ya ce, “Tirebiyan, ya yi kyau. Wanga wuri bai taɓa ba mu kunya ba.” Ran nan Gajere ba ya jin ƙasa a ƙarƙashin ƙafarsa don daɗi.

Akwai dai abu ɗaya da ya ɗaure wa garin kai. Porjen nan duk bazara yana aika dusa ga garuruwan da kiwonsu ya lalace, kuma duk bazara manyan motocin dusar nan ta bakin Gidan Takawa suke bi, su bar musu hayaƙi su wuce gaba. Sau biyu maigari ya sa babbar riga ya je Buza neman dalili. Aka karɓe shi da girmamawa, aka nuna masa taswira a bango, wani wuri ja, wani rawaya, Gidan Takawa kuwa kore shar kamar lambun albasa. Aka ce masa, “Ranka shi daɗe, ku ai godiya ta kamace ku.” Ya dawo ya shaida wa jama'a cewa an duba daga sama an ga suna cikin ni'ima. Jama'a suka dubi haƙarƙarin shanunsu, suka gode wa Allah yadda aka umarce su.

Cikin ni'imar nan Gajere ya tashi daga shanu bakwai ya koma saniya ɗaya. Ja ce, doguwa, ana ce mata 'Yar Abalak don can aka sayo uwarta. Da nononta matarsa Zara take dama furar gidan, kuma in ta tafi, Gajere ya fita daga sahun masu shanu ke nan har abada, don shekarunsa ba na sake tarawa ba ne. Kullum da safe ta gefen shingen yake bi da ita. Kullum sai ta miƙa wuya wajen kyasuwar, kullum sai ya ɗana mata sanda a hanci. Zara takan ce, “Malam, kai kaɗai na sani shina kiwon haki, shina tsaron saniya kar ta ɓata shi.” Shi kuma ya ce mata sha'anin hukuma ba na mata ba ne.

Sai ga shi a shekara ta tara hukumar da kanta ta aiko mace. Mushe Alhusaini ya ajiye aiki, aka ba wata Aziza wurarensa, 'yar Keita da ta yi karatu a Yamai. An ba ta sikeli da ƙarfe da na'ura, an manta ba a ba ta lambar maigari ba, don haka ba wanda ya san da zuwanta. Da hantsi ta sauka daga mota, na'ura ta kai ta har bakin shinge, ta tarar da dattijo a durƙushe a ciki yana tugar garmani.

“Sannu da aiki, Baba. Wanga shinge na mi na?”

Kunya ta rufe Gajere kamar wanda surukai suka iske bai wanke fuska ba. “Ki gahwarce mu, Madan. Da kun bugo waya da kun ishe mun ɗauke shi. Kullum muna ɗauke shi kahin ku zo.”

“Kullum?”

“Shekara takwas,” in ji shi, ya ɗan miƙe, don abin alfahari ne. “Ko akuya ba ta taɓa sa baki nan ba. Taki ma ina zuba mishi.”

Aziza ta dubi cikin shingen, ta juya ta dubi waje, ta daɗe tana duba. Daga nan ta nemi ɗaya daga cikin fararen duwatsun ta zauna a kai, abin da ba wanda ya taɓa yi, har sai da gaban Gajere ya faɗi. Ta ce ya zauna shi ma.

“Baba, tauraron ga da ka sama, kore kaɗai shika gani. Daga can duk makiyayag ga taku ɗigo guda ta. Bai san kyasuwa ba, bai san garmani ba. Shi ya sa muka zuwa mu yanka nan, don mu gaya ma ordinate, na'urar lissahinmu, cewa koren da tauraro yag gani, ga nauyinai, ga irin hakin da shike. Abin da munka ishe tsakanin duwatsun ga, shi muka ɗauka cewa shi na ko'ina.”

“Ko'ina?”

“Ko'ina. Sai ordinate shi lissahwa shanu nawa za su ƙoshi kahin ruwa shi sauka, shi hiddo taswira. Da taswirar aka rabon dusa.”

Gajere bai yi lakwal ba, ko ajin farko na boko bai leƙa ba, amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Ya dubi kyasuwar da ya yi shekara takwas yana reno. Ya dubi 'Yar Abalak can nesa tana yawo cikin garmani tana neman abin sawa a baki. Shanunsa shida suka dawo masa a rai ɗaya bayan ɗaya, da na maƙwabta, da tumakin zawarawan gari.

“Ke nan ni na hana mu dusa, ɗiyata?”

“Ba laihinka ba na, Baba,” in ji ta, wanda duk mai hankali ya san e ke nan, an dai sa mata riga.

Ya roƙe ta kada ta yanka ran nan. Ta ce dama tana da wurare wajen Madawa, kwana huɗu za ta yi ta biyo ta nan, kuma ƙa'ida ita ce wurin awo ya kasance yadda sauran ƙasa take. Da motarta ta ɓace, Gajere ya wuce kai tsaye ƙofar maigari ya zayyana masa komai. Maigari Issa ya saurara har ƙarshe, sannan ya kama abin da ya fi damunsa.

“Yanzu mu sakam ma bisashe hakin baƙi, baƙuwa tana bisa hanya? Ta komo ta ishe hili hwayau, mi za a ce da mu Buza?”

“Ranka shi daɗe, abin da anka ce da mu Buza shekara takwas, shi yac cinye muna shanu.”

Bai taɓa mayar wa maigari magana ba sai ran nan. Maigari ya koma jan tazbaharsa, Gajere ya ɗauki hakan a matsayin izini, don bai da niyyar jiran wani. Ya je ya janye ƙayar da hannunsa, ya jawo 'Yar Abalak ya tsayar da ita a bakin filin. Ta ƙi shiga. Ta tsaya tana duban sandar da ke hannunsa, ta san darasinta sarai. Sai da ya yar da sandar ya koma bayanta ya tura ta da kafaɗa, sannan ta sa kai. Abin ya ƙona masa rai fiye da duk maganar Aziza. Kafin azahar labari ya zaga gari, shanu da awaki da tumaki da jakuna suka afka, la'asar ba ta yi ba renon shekara takwas ya koma ƙasa da kashin awaki.

Da Aziza ta dawo, abin da ta samu cikin ƙarfenta bai cika tafin hannu ba, sikelin ma da ƙyar ya yarda an ɗora masa wani abu. Ta fita waje ta yanki garmani ta auna shi daban, ta ɗauki hotuna, ta zauna a inuwar mota ta cika takarda biyu da bayanin shinge da taki da komai. Da za ta tafi ta ce, “In Allah ya so, Baba, bana za ku yi ja ga taswira.” Tun da aka kafa Gidan Takawa ba a taɓa jin garin da ya yi addu'ar a rubuta shi cikin matsiyata da zuciya ɗaya kamar ran nan ba.

Saboda maganar nan ne Gajere ya ƙi sayar da saniyar. Bayan girbi, tana da sauran tsoka a jikinta, Imrana mahauci ya zo har gida sau biyu yana zagaya ta yana yaba ta. Zara ta ce a sayar a sayi awaki, su ko ganyen ƙaya sun ci su rayu. Gajere ya ce a'a, bana an san gaskiya, dusa tana tafe. Wanda ya yi haƙurin shekara takwas ba zai kasa na wata shida ba.

Karan gero ya ƙare. Harawar wake da Zara ta ɓoye a kan rumfa ta ƙare. Gajere, da furfurarsa, ya koma hawan gawo yana kakkaɓo 'ya'ya, har gawon ya ƙare shi ma, don ba shi kaɗai ne mai hawa ba. Da zafi ya tsananta ya fara zare bunun rufin rumbu yana jiƙawa da ruwan gishiri yana ba ta. Garmanin da ya mai da su masu arziki a taswira ya bushe ya bar tsinke tsaye, ko a bushen ba mai ci. Wata safiya 'Yar Abalak ta yunƙura za ta tashi, ƙafafun baya suka ƙi. Daga ran nan sai an kira maza huɗu, a zura itace biyu ta ƙarƙashinta, ɗaya ya kama wutsiya, a ɗaga ta a tsayar, ta yi rabin yini tana rawar ƙafa ta sake zubewa.

Ana cikin haka motocin dusa suka zo. Tun daga nesa aka ji gurnaninsu, gari ya fito bakin hanya, maigari har da rawani. Mota ta farko ta wuce. Ta biyu ta rage gudu, mata suka fara gyara buhunansu, ashe rami direban ya kauce wa. Ta uku ma har hon ta yi musu, don direban mutum ne mai ladabi.

Kwana biyu bayan haka Aziza ta zo, ba a farar mota ba, a bayan babur, da rabin buhun dusa ɗaure a baya wanda ta saya da kanta a kasuwar Buza. Ta tarar da Gajere zaune a ƙasa kusa da saniyar, ran nan ko da itacen ba ta tsayu ba. Suka gaisa har gaisuwa ta ƙare, ba sauran abin ɓuya a bayansa.

Ta ce an yi taro a Yamai, kwana uku a babban otel, masana sun zo daga ƙasashe don a auna ko tauraron nan yana da amfani wajen sanin kiwo. An haska awon Gidan Takawa a bango, don duk yankin ba wurin da ya kai shi dacewa da tauraro: ɗigo takwas a jere kan layi kamar sahun salla. Na tara, wato na bana, ya faɗo can ƙasa shi kaɗai. Masana suka duba suka ce shaida ɗaya ba ya ƙaryata takwas, ga shi kuma mai awon sabuwa ce, hannunta bai faɗa ba tukuna. Aka cire na bana aka bar sauran.

“Takarduna hwa?” in ji Gajere. Har ga Allah nasa yake ɗaukarsu.

“An gode mini. An sa su can baya ga rahoto.” Ta sunkuyar da kai. “Na tashi na yi magana, Baba. Anka ce lokaci ya ƙure, za a sha kahwe. Da anka komo anka tahwa ma tauraro.”

Gajere ya gyaɗa kai. Bai yi fushi da ita ba, tausayinta ma ya ji, yarinya ta sha rana tun daga Buza don ta kawo labarin da kowa zai aiko da shi ta waya. Ya tashi ya kwance buhun, ya dama dusar da ruwa a ƙwarya yadda saniyar take so, ya kai bakin 'Yar Abalak. Ta shinshina. Ya ɗebo da hannu ya shafa mata a leɓe, yana kiran sunanta a hankali. Ta kawar da kai ta ɗora shi a ƙasa. Duk wanda ya yi kiwo ya san abin da wannan yake nufi, kuma ya san in aka ƙara jinkiri, mushe za a ja a kai bayan gari.

Ya daɗe a tsugune da hannunsa a wuyanta. Sannan ya ɗaga murya kaɗan ya ce wa Zara, wadda take tsaye a bakin ɗaki tun ɗazu, ta aika a kira Imrana, ya zo da wuƙa.

Aziza ta miƙe, idonta ya cika, ta ce bari ta kama hanya kafin rana ta yi.

“A'a, ɗiyata, zamna,” in ji Gajere, ya jawo mata tabarma zuwa inuwa, ta inda ba za ta ga yankan ba. “Ba mai ƙiba ta ba, amma ba a yanka gidan ga baƙo shi tahi hannu rabbana. Ki jira a hidda miki naki.”